Hayar gidan hutu a Istanbul: abin da ya sa na zaɓi Uskudar

Ta manhajar Airbnb na kama gidan da muka sauka a Istanbul, ni da iyalina da mahaifiyata, kuma zaɓen unguwa ya fi zaɓen gidan kansa cin lokacina nesa ba kusa ba. A taƙaice na gamsu. Gida ne mai ɗakuna biyu da falo a Uskudar, ɓangaren Asiya na birnin, kuma in da zan koma, can zan sake nema. Amma gamsuwar ta samo asali ne daga wurin da gidan yake, shi ya sa nake so na yi bayani a kan wurin fiye da gado da labule.

Hotunan gidajen haya kusan duk iri ɗaya ne: farin zanen gado, taga a buɗe, hasken rana ya cika ɗaki. Babu hoton da zai nuna maka tudun da za ka hau da akwati kafin ka kai ƙofa, ko gidan rawar da ke ƙasan benen. Yawanci kuma manhajar ba ta ba da cikakken adireshi sai an kammala kama gidan. Kafin nan yankin kawai take nunawa a taswira. Na fahimci dalilin, tsaron mai gida ne, kuma ba na ganin laifin hakan. Sai dai a birnin da aka gina a kan tuddai, layi biyu da ke maƙwabtaka a taswira na iya bambanta ƙwarai a ƙafa.

Da Sultanahmet na fara, kamar yadda kusan kowa yake yi. A can Aya Sofiya da masallacin Sultan Ahmet da fadar Topkapi suke, kuma jirgin taragu na T1 yana ratsa unguwar. Ga mai kwana ɗaya ko biyu da ya zo kallon tarihi kawai, babu kamarta. Abin da ya sa na janye shi ne unguwar ta baƙi ce kusan gaba ɗayanta, otal-otal da shagunan tsaraba sun mamaye ta, ni kuwa gida na kama don mu zauna kamar masu gida. Galata ta fi jan hankalina, gine-ginenta tsofaffi ne masu kyan gaske. Amma Hajiya, mahaifiyata, tana fama da ciwon gwiwa, kuma tudun Galata ba na wasa ba ne: saboda shi aka haƙa ɗan gajeren jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tunel tun 1875, don ya ɗauke wa mutane hawa daga Karakoy zuwa sama. Da yawa daga cikin tsofaffin benayen wurin kuma ba su da lifta. Da na haɗa tudun titi da matakalar bene, sai na ga Hajiya za ta ƙare hutunta ne a falo tana jiran mu dawo mu ba ta labari. Ban yarda da wannan ba.

Mutane da dama suna jin an ce ɓangaren Asiya sai su ɗauka bayan gari ne. A taswira kam ruwan Bosforus ya raba Uskudar da wuraren tarihi, amma tun watan Oktoba na 2013 jirgin Marmaray yake bi ta ƙarƙashin ruwan, kuma daga tashar Uskudar zuwa Sirkeci zango ɗaya ne tak, tafiyar kamar minti huɗu. Daga Sirkeci kuwa Sultanahmet na nan kusa, ko a ƙafa ko a T1. Ga jiragen ruwa da ke tashi daga bakin dandalin Uskudar zuwa Eminonu da Beshiktash a ɓangaren Turai, ga layin jirgin ƙasa na M5 da ke shiga cikin ɓangaren Asiya, kuma duka da kati guda ake hawa, Istanbulkart. Mu ta filin jirgin Sabiha Gokcen muka shigo, wanda layin M4 ya isa gare shi a 2022, sai muka sauya jirgi zuwa Marmaray a Ayrilik Ceshmesi, zango ɗaya muka sauka Uskudar. Wanda zai sauka a babban filin jirgin Istanbul, wanda ke can arewa a ɓangaren Turai, tafiyarsa za ta fi haka tsawo sosai, ya kamata ya sa wannan a lissafi kafin ya biyo sahuna.

Abin da na koya a wannan bincike shi ne nisan unguwa daga tsakiyar gari a kilomita ba ya gaya maka komai. Tambayar da ta fi amfani ita ce: daga ƙofar gida zuwa tashar jirgi minti nawa ne a ƙafa, shimfiɗaɗɗiyar hanya ce ko hawa, kuma yaya take bayan an rufe shaguna? Uskudar ɗin ma tudu ce da zarar ka bar bakin ruwa, don haka sunan unguwar kaɗai bai isa ba. Na buɗe Google Maps na bi layukan yankin ɗaya bayan ɗaya da Street View mai nuna hotunan tituna, ina duba faɗin gefen titi, fitilu, da irin shagunan da ke ƙasan benaye. Hotunan suna ɗauke da wata da shekarar da aka ɗauke su, yana da kyau a duba, domin layi na iya canzawa. A wajen neman hanya a taswirar kuma, na sa lokacin tashi ya zama ƙarfe goma sha ɗaya na dare don na ga ko akwai abin hawa a lokacin.

Sharhin waɗanda suka riga ni sauka ya fi komai taimaka mini, kuma a nan ne na fi yaba wa manhajar, tunda wanda ya kama gidan ne kaɗai yake iya rubutawa. Ban tsaya kan taurari ba. Kalmomi na riƙa nema a cikin sharhin: hayaniya, matakala, tudu, dare. Baƙo zai ba gida taurari biyar don mai gidan mutumin kirki ne, sannan a jimla ta ƙarshe ya ambaci cewa kiɗa bai bar shi ya yi barci ba. Wannan jimlar nake nema. Daga nan na rubuta wa mai gidan na ce muna tare da dattijuwa, na tambaye shi ko akwai lifta, ko akwai matakala kafin a kai liftar, da ko ɗakin kwana titi yake kallo. Ya amsa duka dalla-dalla, har ya faɗa mini akwai 'yan matakalai a ƙofar shiga. Wannan gaskiyar tasa ce ta sa na biya.

Zaman ya yi daɗi. Da yamma Hajiya takan taka a hankali zuwa dandalin, ta zauna kusa da masallacin Mihrimah Sultan, ginin shahararren magini Mimar Sinan na 1548, tana kallon jirage, yara kuma suna bin gaɓa har inda ake hango hasumiyar Kiz Kulesi. Akwai kantin magani da wurin sayayya a layinmu, kuma da dare unguwar takan yi shiru. Abin da ban ji daɗinsa ba: bangon gidan siriri ne, ana jin motsin maƙwabta, ruwan zafi kuma yakan ƙare idan aka yi wanka a jere. Jiragen ruwa suna raguwa da dare, hazo ko iska mai ƙarfi kan sa a dakatar da su, Marmaray kuma yana cika maƙil safe da yamma. Mai son hira da fitar dare zai ga Uskudar ta yi masa sanyi. Kadikoy, unguwar da ke maƙwabtaka da ita, ta fi dacewa da shi, amma ya guji layukan da ke kusa da mashaya idan yana son barci.

Akwai batun doka da bai kamata a tsallake ba. Daga 1 ga Janairu 2024 Turkiyya ta wajabta lasisi ga duk gidan da ake bayarwa haya na kwana 100 ko ƙasa da haka, kuma a bene na tarayya sai sauran masu gidajen sun amince. Na nemi lambar lasisin kafin na biya, mai gidan ya turo. Birane da yawa sun ɗauki irin wannan mataki: Landan ta ƙayyade dare 90 a shekara, New York ta tsaurara tata dokar a Satumban 2023, Basalona kuma ta sanar a 2024 cewa zuwa ƙarshen 2028 za ta kawo ƙarshen lasisin gidaje kusan 10,000. Dalilin a fili yake, gidan da aka mayar na baƙi gida ne da ɗan gari ya rasa. Wannan yana damuna, domin unguwar zama da nake yabo mazaunanta ne suka sa ta zama haka. Shi ya sa na zaɓi gida mai lasisi, na kuma ja wa yara kunne kan gudu a matakala da buga ƙofa da dare.

Ga iyali mai yara ko tsofaffi, ina ba da shawarar Uskudar ba tare da shakka ba, da sharaɗin gidan ya kasance a ƙasa kusa da dandalin, tafiyar da ba ta wuce minti goma zuwa tashar Marmaray ba, kuma mai gidan ya amsa tambayar lifta a rubuce kafin a biya.