TikTok ko YouTube: Amsa ga Malamar Kemistiri

Assalamu alaikum. Malama, kin tambaya ko a TikTok ya kamata ki riƙa sa gajerun darussan Kemistiri da kike son yi wa ɗalibanki 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin WAEC da JAMB, ko kuwa a YouTube. Ni malamin Lissafi ne a nan cikin birnin Katsina, kuma na gwada duka biyun, saboda haka zan faɗa miki abin da na gani.

Ta fuskar tsawon bidiyo babu wani babban bambanci yanzu. TikTok, mallakar kamfanin ByteDance na ƙasar Sin, ya fara ne da bidiyon daƙiƙa 15, amma tun 2022 yana karɓar na minti 10. YouTube Shorts kuwa, wato sashen gajerun bidiyo na YouTube, ya game duniya a 2021 da iyakar minti ɗaya, aka mai da ita minti 3 a watan Oktoban 2024.

Inda suka raba hanya shi ne yadda darasi yake isa ga ɗalibi. A TikTok manhajar ce take zaɓar wa mai kallo abin da zai gani, gwargwadon abin da ya saba tsayawa a kansa, shi ya sa wanda bai da mabiya ko goma zai iya wayar gari dubban mutane sun kalli bidiyonsa. Wannan alheri ne ga mai neman a san shi, amma ga mai koyarwa akwai cikas a cikinsa, domin yaron da ya ci karo da darasinki na huɗu ba lalle ne ya taɓa ganin na ɗaya zuwa na uku ba, kuma da zarar naki ya ƙare, rawa ko barkwanci ne zai biyo baya kafin abin da kika faɗa ya zauna masa. Shorts ma haka yake tafiya idan yaro ya shiga yana ja da yatsa. Sai dai a YouTube gajeren bidiyon yana zaune a tasha ɗaya da dogon darasi, kina iya jera su bi-da-bi kamar babukan littafi, kuma wanda ya rubuta sunan darasin a wurin bincike zai same shi ko bayan shekara guda.

Na ga iyakar gajeren bidiyo da idona. Na jingina waya da gwangwanin madara, na ɗauki hannuna kawai ina warware lissafi ɗaya a takarda cikin ƙasa da minti guda, yara kuma suka so shi ƙwarai. Washegari na ba su irinsa a allo, na sauya alamar tarawa zuwa ta ɗebewa, sai da yawansu suka tsaya cak, domin matakan suka haddace, dalilin kowane mataki bai samu wuri a cikin minti ɗaya ba. Tun daga ranar nake ba gajeren bidiyo aiki ɗaya tak, bayanin dalili kuma na bar wa aji ko dogon bidiyo.

A fanninki akwai abin da gajeren bidiyo ya fi allo iya nunawa. Ki ɗauki lokacin da ake ɗiga asid a cikin kwalba har ruwan ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma ja-ja da ɗigo ɗaya. Yaron da makarantarsu ba ta da isassun kayan gwaji zai iya maimaita wannan sau goma kafin ranar jarrabawar gwaji ta WAEC, ya san daidai inda ake tsayawa.

Sai batun data da waya, wanda a wurinmu ya fi komai nauyi. Yawancin ɗalibanmu wayar uwa ko ta yaya suke ara da dare, iyaye da dama kuma ba sa son jin sunan TikTok a gidansu, kuma ban ga laifinsu ba. Ba zan so malama ta zama sanadin da yarinya za ta buɗe shafi a can ba tare da sanin iyayenta ba. YouTube ya fi samun karɓuwa a gidaje, tunda a nan ake sauraren karatun malamai da tafsiri.

Shawarata ita ce ki mai da YouTube ma'ajiyar darussanki, sannan ki riƙa tura ainihin bidiyon a zauren WhatsApp na aji wanda iyaye suke ciki, yadda mutum ɗaya zai sauke ya tura wa saura ta Xender ba tare da kowa ya sake kashe data ba. TikTok ki bar shi sai ranar da kike son darasinki ya kai ga yaran Daura, Funtuwa da Malumfashi waɗanda ba ki sani ba, kuma ko a lokacin ki rufe wurin sharhi idan ya fara ɓaci, kada kuma ki nuna fuskar ɗalibi sai da izinin iyayensa. Idan kin ɗauki gwajin asid ɗin, ki sa farar takarda a ƙarƙashin kwalbar, ki ɗauka da rana kusa da taga domin launin ya fito sosai.