Sharhi kan tef ɗin awon shanu bayan shekara biyu ina aiki da shi

Na sayi tef ɗin awon nauyin shanu a wani shagon magungunan dabbobi a Zariya, domin in daina zaɓen bijimin barbara da ido. Na daɗe tsawon ƙaho da girman tozo suna ruɗata, sai an kai sa mahauta an feɗe, an cire kai da ƙafafu da ƙirgi da kayan ciki, sannan in ga naman bai kai yadda na zata ba, tunda abin da ke saura kusan rabin nauyin dabbar ne kawai.

Tef ɗin fuska biyu ke gare shi, ɗaya santimita, ɗaya kilo. Ana zagaya shi a ƙirjin dabba, bayan ƙafafun gaba da bayan tozo, a ja shi ya kwanta a jiki ba tare da an matse ba. Da sassafe nake awo, kafin shanu su ci ko su sha, kuma dole dabbar ta tsaya daidai a kan ƙafafunta huɗu, abin da bijimi irin Bunaji mai tsoro ba ya yarda da shi sai makiyayin da ya saba da shi ya dafa masa wuya yana lallashinsa.

Fuskar kilo ce ta ba ni matsala, domin da na gwada ta da sikeli sai na ga ba su yi daidai ba, kuma ina ganin dalilin shi ne an tsara ta don shanun Turai marasa tozo. Yanzu santimita nake karantawa, in kuma auna tsawon jiki daga kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, in ninka awon ƙirji da kansa, in ninka da tsawon, sannan in raba da 10,840. Ƙirji 170 da tsawo 140 suna ba da kilo 373 ko kusa da haka.

Inda tef ɗin ya biya kuɗinsa shi ne wajen kwatanta maruƙa sa'annin juna. Ina rubuta awon kowane ɗaya lokacin yaye da kuma bayan ya shekara, tare da sunan uwarsa, kuma wannan littafi ne ya sa na bar wani gajeren maraƙi irin Bokolo mai faɗin ƙirji da cikar cinya a garke, na sayar da dogon da kowa ke yabo. Lambobin tef ɗin sun fara gogewa tun daminar farko, saboda haka a busasshiyar leda nake ajiye shi.