Football Manager 2024: ko ya iya koyar da lissafin kuɗin kulob idan ya faɗi ƙasa?

A majalisun kallon ƙwallo na Wunti da Yalwa a Bauchi, gardamar "me ya sa aka cire wa Everton maki?" ba ta ƙarewa. Ga mai son ya gane abin da hannunsa, wannan wasan kwamfuta na Sports Interactive, wanda ya fito a Nuwamba 2023, ya fi dogon bayani amfani.

Ba ya neman babbar na'ura. Laftof mai RAM 4GB da fili 7GB ta isa, amma kada a buɗe gasannin ƙasashe da yawa, sai ta riƙa jan ƙafa. A kunna ajiyar kai-tsaye ta kowane mako, don wuta kan ɗauke ba sallama.

Inda ya yi fice shi ne kwantiragi. Ɗauki kulob mai kashe kuɗi a Firimiya, ka bari ya faɗa Championship, gasar da ke ƙasa da Firimiya. Kuɗin talabijin zai zube, albashi kuwa yana nan inda yake, sai dai in tun farko ka sa sharaɗin rage albashi idan an faɗi. Wanda ya manta da wannan sharaɗi zai ga ɗan wasan benci yana cinye kasafin mutum uku, kuma babu mai sayensa saboda tsadar albashin. Akwai kuma sharaɗin da ke ba ɗan wasa damar tafiya a farashi mai rahusa bayan faɗuwa. Wakilan 'yan wasa na son cusa shi. A cire, ko a ɗaga farashin.

Haka abin yake a zahiri. A dokar da ake bi a 2024, Firimiya ta yarda kulob ya yi asarar fam miliyan 105 cikin shekara uku, amma duk shekarar da ya yi a Championship ana lissafa masa miliyan 13 ne maimakon 35. Shi ya sa iyakar Nottingham Forest, wadda ta yi biyu daga cikin shekarun ukun a Championship, ta tsaya a miliyan 61, ta wuce, aka zare mata maki 4 a Maris 2024. Everton ma an cire mata maki 10 kan irin wannan laifi, ɗaukaka ƙara ta mayar da su 6, daga baya aka ƙara cire 2. Tallafin da ake ba wanda ya faɗi ma raguwa yake yi: kashi 55 na kason talabijin a shekarar farko, 45 a ta biyu.

Aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Shafin kuɗin cike yake da Turancin akanta, sabon shiga zai yi kwanaki yana lalube. Babu gasar Najeriya a cikinsa, don haka mai son jan ragamar Wikki Tourists ko Gombe United sai ya nemo ƙarin fayil da masoya suka haɗa. Na waya kuma, wanda ya fito ga masu rajistar Netflix kaɗai, an taƙaita shi sosai. Mai neman lissafin kuɗi ya tsaya a na kwamfuta.