Sharhin The Funhouse: Filin Wasa Ya Fi Dodon Ban Tsoro

Na kalli The Funhouse a daren Juma'a, a kan kwamfutar tafi-da-gidanka, bayan mutanen gida sun yi barci. Abin da ya ja ni shi ne sunan daraktan, Tobe Hooper, wanda ya girgiza Amurka da The Texas Chain Saw Massacre a 1974. Kamfanin Universal ne ya fitar da wannan fim a watan Maris na 1981, lokacin da finafinan yanka ke tashe, wato irin waɗanda makashi ke bin matasa yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Na zauna da shirin ganin jini tun daga farko, sai ga shi an kusa cinye rabin fim ɗin ba a kashe kowa ba.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Amy, wadda Elizabeth Berridge ta fito a matsayinta, ta gaya wa iyayenta cewa sinima za ta, alhali filin wasannin nishaɗi mai yawo gari-gari ta nufa tare da saurayinta Buzz, da ƙawarta Liz, da saurayin Liz mai suna Richie. Mahaifinta ya riga ya ja mata kunne a kan wurin, domin an tsinci gawar wasu 'yan mata a garin da masu wasan suka yada zango a baya. Da dare ya tsala, Richie ya kawo shawarar su laɓe su kwana a cikin gidan dodanni, inda ƙananan kekuna ke zagaya da 'yan kallo a kan dogo cikin duhu, mutum-mutumai suna faɗo musu daga kowace kusurwa. Daga wannan maɓoya ne suka leƙa ta tsagin katako suka ga wani ma'aikaci mai fuskar roba ta dodon Frankenstein ya shaƙe mai duba, Madame Zena, a kan dala ɗari da ta karɓa ta ƙi mayarwa.

Mutane da yawa suna kushe rabin farko da cewa yana jan ƙafa, amma a ganina nan ne ƙarfin fim ɗin yake. Hooper ya bar mai kallo ya zagaya filin tare da matasan nan: rumfar dabbobi masu tawaya inda ake nuna saniya mai kai biyu, da wani ɗan tayi a cikin kwalba, da rumfar mai rufa-ido, da wata tsohuwa mai datti da ta tare 'yan matan a bayan gida tana yi musu kashedi. Fitilu suna da kyau, ja da kore da rawaya, amma komai a ƙarƙashinsu ya tsufa, fenti yana ɓarewa, kuma masu wasan suna kallon 'yan gari da idon da mahauci ke kallon rago. Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar sa Kevin Conway ya fito a matsayin masu shela uku a ƙofar rumfuna daban-daban. Duk inda Amy ta juya sai ta ci karo da ido ɗaya cikin sutura dabam, kuma ni kaina sai a karo na uku na ankara cewa mutum guda ne, har na mayar da fim ɗin baya domin in tabbatar. Andrew Laszlo ne ya ɗauki hoton a faffaɗan allo, kuma na yi nadamar kallonsa a ƙaramin gilashi, domin sau da yawa abin tsoron yana can gefe ne, ba a tsakiya ba.

Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, domin daga nan zan taɓa abin da ya biyo baya. Laitar Richie ce ta suɓuce ta faɗa ƙasa ta tona musu asiri, kuma ashe ya riga ya kwashe kuɗin da ke cikin akwatin mai gidan, saboda haka matasan ba su da cikakkiyar gaskiya. Da aka cire fuskar robar, sai ga fuska mai tsage biyu da farin gashi da jajayen idanu, wadda Rick Baker ya zana. Wayne Doba, wanda asalin sana'arsa wasan kwaikwayon da ba a magana ce, shi ya sa wannan halitta ta zama abin tausayi. Da ƙyar yake iya furta kalma, yawanci sai gurnani, kuma idan ubansa, wato mai gidan dodannin, ya daka masa tsawa yakan takure yana dukan kansa kamar yaron da aka saba zagi. Uban kuma yana tsine masa da baki, yana kuma rufa masa asiri, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ban taɓa zaton zan ji tausayin makashi a irin wannan fim ba, har na rasa wanda ya fi mugunta tsakanin ɗan da uban.

Fage guda ya tsaya mini a rai. Iyayen Amy sun zo filin cikin dare domin ɗaukar ƙanenta Joey, wanda ya sulale daga gida ya biyo ta. Tana hango su ta bayan wata ƙatuwar fanka, tana ihu iya ƙarfinta, amma ƙarar fankar ta haɗiye muryarta, suka shiga mota suka tafi. Babu ɗigon jini a wurin, amma sai da na tsayar da fim ɗin na sha ruwa.

Duk da haka akwai inda ya gaza. An ɓata lokaci mai yawa a kan yawon Joey, kuma ban da wancan fage labarinsa bai kai ko'ina ba. Buzz da Liz ba su da wani hali da za a riƙe, kuma daga lokacin da aka fara farautar su fim ɗin ya koma kan hanyar da sauran takwarorinsa suka bi. Ƙarshen ma, inda dodon ya maƙale a haƙoran injin da ke jan kekunan, an ja shi fiye da kima, ihun Amy ya yi yawa har ya daina tasiri. Wanda yake neman yanka barkatai zai tashi da ƙorafi, kuma abin mamaki ne cewa an taɓa sa shi cikin jerin bidiyoyin da hukuma ta sa wa ido a Ingila a shekarun 1980, alhali jinin da ke ciki kaɗan ne. Akwai tsiraici da shan tabar wiwi, don haka ba fim ne na kallo da iyali ba.

Na ba shi bakwai cikin goma, kuma zan sake kallonsa a babban allo, ko don in ƙare wa mutum-mutumin ƙatuwar matar nan kallo, wadda ke ƙyalƙyala dariya a saman ƙofa lokacin da Amy ta fito da asuba ana kwance rumfuna.