Obin ɗin gas ƙirar gida: abin da na gani bayan na gasa kayan rabon sallah da shi

Tun da na raba gireba da ƙananan kek a ƙaramar sallah, tambaya ɗaya 'yan uwa ke yi mini: da me kika gasa? In na ce obin ɗin gas ne ƙirar masu walda na nan Kano, sai a ce to ya ci kuɗinsa? Ya ci, amma a hannun wadda za ta tsaya a kansa. In kina neman wanda za ki zuba ƙullu ki murɗa lamba ki koma ɗaki, ba shi ba ne, ki tara kuɗi ki sayi na kamfani.

Akwatin ƙarfe ne a kan ƙafafu huɗu, tsayinsa daidai ƙuguna. Hawa biyu ne a ciki, kowanne yana ɗaukar babban tire ɗaya. Bangonsa falle biyu ne, an cusa audugar gilashi a tsakani don ta riƙe zafi. Wutar daga ƙasa take, wani lanƙwasasshen bututu ne mai ƙananan huda, da farantin ƙarfe a samansa. A jikin ƙofar akwai ɗan gilashi da bai wuce tafin hannu biyu ba. Babu agogo, babu fitila, babu abin da ke nuna zafi. Makunni ɗaya ne, ki ƙara wuta ko ki rage, shi ke nan.

Me ya sa ban sayi na lantarki ba? Na daɗe ina kallon su a Sabon Gari, masu kyau da sheƙi. Amma matsakaicin obin lantarki yana jan wajen wat 1,500, wato a awa ɗaya ya cinye yunit ɗaya da rabi. Waɗanda ke layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, sun san abin da hakan ke nufi tun watan Afrilun 2024, lokacin da aka mayar musu da yunit naira 225. Mu da ba ma wannan layin kuwa, damuwarmu ba tsadar ba ce, samuwar ce. Kek ɗin da aka ɗauke wa wuta yana tsakiyar tashi ya tafi ke nan, ko an dawo da ita bayan minti goma cikinsa ya riga ya zauna. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukar obin, babban kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 maigida ba ya yarda a tayar da shi saboda kek. Kafin wannan obin, hanyar iyayenmu nake bi: babbar tukunya, yashi a gindi, gwangwanaye a kai, garwashi a kan murfi. Tana yi, kuma har gobe ba na raina ta. Sai dai idan gidajen da za ki kai wa sun haɗa danginki da dangin miji da maƙwabta, a tukunya za ki kwana.

Abu na farko da zan ce a saya tare da shi, tun kafin a sayi fulawa, shi ne ɗan ma'aunin zafi na obin, irin mai allura da ake ratayawa a ciki. Masu sayar da kayan kek suna da shi, kuma kuɗinsa bai kai na kiret ɗin ƙwai biyu ba a lokacin da na saya. Mai waldan ya ce mini, "Hajiya, ba kya buƙatarsa, hannu za ki sa ki ji." Na ce, "Malam, hannun nan da shi zan yi kwaɓi." Da na rataya shi na ga abin da hannu ba zai faɗa mini ba: a cikakkiyar wuta allurar tana wuce digiri 230 na Salshiyos cikin kwata ɗin awa, alhali kek 180 yake so. Wurin da makunnin ke ba da 180 ɗan siriri ne ƙwarai, kaɗan za ki taɓa ya wuce ko ya faɗo. Sai na sa jan farce na ɗiga alama a daidai wurin. Ko da alamar, ranar da ake iska ko silinda ta kusa ƙarewa lissafin yana canzawa, dole ido ya riƙa komawa kan allura.

Babban aibinsa shi ne zafin ba ya rabuwa daidai. Hawan ƙasa yana cin gindin kek tun saman bai nuna ba, kuma kusurwar baya ta hagu ta fi ko'ina zafi. Maganin na farko ya zo ne daga tsohuwar tukunyar: na zuba yashi mai tsafta a wani tsohon tire na ajiye a kan farantin ƙasa, na bar gefe da gefe a buɗe don zafi ya samu hanyar hawa. Wasu gishiri suke zubawa. Yashin yana shanye kaifin wutar ya riƙa sakinta a hankali, sai dai yana ƙara lokacin ɗumama obin. Na biyun kuwa juyi ne kawai: in gashi ya yi nisa, ki juya tire gaba ya koma baya, na sama ya sauko na ƙasa ya hau. A ƙananan kek na gwangwani wannan ba matsala, minti 20 zuwa 25 sun gasu. Babban kek ne ke da wuya, don ba a buɗe masa ƙofa a mintuna ashirin na farko, in iska mai sanyi ta shiga sai tsakiyarsa ya lotsa. Shi a hawan sama nake sa shi, shi kaɗai, a tsakiya, na haƙura da hawan ƙasa.

Kwaɓin da nake yi na kowa ne: bota giram 250, sikari giram 250, fulawa giram 250, ƙwai biyar in ƙanana ne, huɗu in manya ne, bekin foda cokalin shayi biyu, da filebo. Cikinsa yana fitowa da laushi yadda ake so. Fuskarsa ce ba ta yin ja. Tunda babu wuta a sama, kek yana fitowa fari fat kamar wanda ya tashi daga jinya, ko da tsinke ya fito a bushe. Wadda za ta yi masa ado da kirim ba ruwanta da wannan. Ni da nake raba shi haka nan, sai na riƙa ƙara wuta kaɗan a mintuna uku na ƙarshe a hawan sama, yana ɗan taimakawa, amma bai kai launin na kamfani ba. Burodi ma haka. Na gwada, ya tashi, ya gasu, amma ɓawon ba abin nuna wa baƙo ba ne.

Inda obin ɗin nan ya burge ni shi ne gireba. Ita dama ba ta son ja, so take ta bushe a hankali har ciki, samanta ya tsattsage, riɗin ya yi ƙamshi bai ƙone ba. Wuta ƙasa-ƙasa, tsakanin 160 da 170, da yashin nan a gindi, tire biyu a lokaci guda. Abin da a tukunya ke cin yini, a nan kafin la'asar na gama na share wuri. Kuma a kayan rabo gireba ta fi kek hankali nesa ba kusa ba. Kek a zafin Kano kwana uku zuwa huɗu ne ya fara sauya wari, kuma ba ya jure matsi a mota. Gireba da biskit ɗin bota kuwa in sun huce sosai aka rufe su a roba, sai su yi makonni. Don haka na raba aikin gida biyu: kek na 'yan cikin gari da yara za su kai a ranar su karɓo tukwicinsu, gireba da biskit na yayata da ke Zariya da gwaggonmu da ke Maraɗi, waɗanda sai an ba direba a tasha.

Kada wata ta saya da tunanin ta huta da suya. Cincin, dubulan da alkaki na mai ne, obin ba shi da hurumi a kansu. Na gwada gasa cincin don ragin man gyaɗa, na kai wa surukata ɗanɗano. Ta tauna ta ce, "'Yar nan, Allah ya yi albarka, biskit ɗin ya yi daɗi." Ban gyara mata ba. Mai shirin kayan gara ta san obin zai ɗauke mata kek da gireba ne kawai, sauran tana nan ita da kasko. Gurasa ma ban sake gwadawa ba, wadda ake mannawa a tanderu daban take, mutanen Jakara su riƙe abinsu.

Sai maganar da ba wasa a cikinta. Obin ɗin nan ba shi da abin da ke yanke gas idan wuta ta mutu. A tsakar gida nake amfani da shi, kuma iska mai ƙarfi tana iya shiga ta ƙasa ta kashe wutar gas yana ci gaba da fita cikin rufaffen akwati. Idan haka ta faru, a rufe silinda, a buɗe ƙofar obin a bar shi ya sha iska sosai, kafin a kusanto da ashana. Wajen kunnawa ma ƙofa a buɗe, a kai wuta bakin bututun tukun sannan a murɗa makunni. Ranar da aka kawo shi na kaɗa ruwan sabulu na shafa a duk mahaɗar tiyo, inda ya yi kumfa nan gas ke fita, kuma na samu wuri ɗaya da sai da aka ƙara ɗaure shi. Harshen wutar shuɗi ya kamata ya zama, in ya koma ja yana baƙanta gindin tire to hudojin sun toshe ko iska ba ta isa. Sannan kafin a sa abinci a karon farko, a kunna shi babu komai a ciki, a fili, har warin fenti da man ƙarfe ya ƙone ya fita. Nawa ya yi hayaƙi mai ɗaci sosai a ranar. Jikinsa na waje yana zafi duk da audugar, musamman saman da bakin ƙofa, ga mariƙin ƙofar na ƙarfe ne tsura. Mai yara masu rarrafe ta nemi inda za ta killace shi.

Mariƙin nan ne ya mayar da ni kan keken ɗinki. Ina da tsohon Butterfly mai ƙafa da na gada wajen mahaifiyata, na ɗinka safar hannu da ragowar atamfa, na jera tsohon tawul falle uku a ciki. Auduga zalla za a sa, yadi mai roba-roba narkewa yake ya manne a fata. Da na ga ƙyallayen sun yi yawa, ga waɗanda tela ya dawo da su daga ɗinkin sallar yara, sai na yanka su na yi ƙananan jakunkuna masu zariya, kowace kamar taƙi ɗaya da rabi. Ɗinki ne miƙaƙƙe, gefe biyu da gindi, a naɗe baki a zura igiya, ko mai koyo za ta yi. Gireba tana da mai, in ta taɓa yadi sai ta bar tabo, don haka a farar leda nake fara ƙulle ta sannan ta shiga jaka. Abin da ya ba ni mamaki, an fi yi mini maganar jakar a kan abin da ke ciki. Surukata carbinta take sakawa a tata yanzu, ƙanwar maigida kuma ta aiko wai a yi mata guda shida za ta yi rabon suna.

Shan gas bai kai yadda na ji tsoro ba. Silindata mai kilo 12.5 ce, da ita nake girki, kuma aikin sallar bai sa na lura ta yi saurin ƙarewa fiye da kima ba. Ɗumamawar farko ce ke ci, saboda haka ba na kunna shi don tire ɗaya. Sai na gama duk kwaɓi na jera, in fara da kek mai son 180, in rage wuta in bi da biskit, gireba ta zo ƙarshe, har in kashe in bar tiren ƙarshe ya ƙarasa bushewa da zafin da ya rage. Tsatsa kuwa ta fara leƙowa a kusurwoyin ciki tun damina ba ta yi nisa ba. Ina goge shi da tsumma in shafa ɗan man gyaɗa bayan ya huce, in rufe shi da buhu. Gilashin ƙofar yana yin gumi ya dushe, ga ciki duhu, sai da tocilan waya nake leƙawa.

Wadda za ta ba da a ƙera mata, ta je da tirenta da gwangwanayenta a auna, don nawa sai da na sake sayen tire saboda na gida ya fi hawan faɗi da yatsa biyu. Ta ce a sa ƙarfe mai kauri, ta ƙwanƙwasa ta ji, mai sirara yana lanƙwashewa in ya sha wuta ƙofa ta daina rufuwa daidai. Ta tsaya a cusa audugar a gabanta, har a ƙofa, don nan aka fi yin ha'inci. Ta nemi mariƙin katako, da tsayin tiyo da zai bar silinda ta yi nisa da zafi. Kuma kada ta cika kuɗi sai an kunna a shagon ta ga launin wutar da idonta. In aljihu zai ɗauka, a sa bututun wuta na biyu a sama da makunninsa daban tun farko. Na koma na tambayi mai waldan ko zai ƙara mini, ya ce sai ya farke rufin ya sake cusa auduga, kuma kuɗin aikin ya kusa kashi ɗaya cikin uku na sabo. Mun yi da shi zan kai masa bayan babbar sallah, in aikin nama ya lafa.