Motocin zuƙe sokawe a Gusau: aikinsu da iyakarsa

A Gusau gidaje ba sa haɗe da wani babban bututun ƙarƙashin ƙasa da ke kai najasa wurin tacewa. Kowane gida da raminsa, kuma lambatun bakin titi don ruwan sama aka yi shi. Shi ya sa duk sabon ginin da ya tashi a Damba ko Unguwar Gwaza, nauyinsa kan sokawe yake sauka, daga nan sai motocin nan masu tanki da tiyo.

Ta fuskar tsabta da sauri, motar ta fi masu yashe masai da bokiti nesa ba kusa ba. Ba mai shiga rami, kuma wannan babban abu ne, domin iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum nan take, har ta kashe. Inda masu motar suke gazawa shi ne ƙasan ramin. Injin yana jan ruwa cikin sauƙi, amma dagwalon da ya daskare sai an zuba ruwa an dama da dogon ƙarfe. Da yawa ba sa yi. Su cika tanki da ruwan sama-sama, su karɓi kuɗin lodi, bayan 'yan makonni banɗaki ya koma gidan jiya. Kafin su fara, a zura sanda a auna kaurin dagwalo, in sun gama a sake aunawa. Idan ya kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ramin, lokacin kwashewa ya yi. A bar ɗan kaɗan a ƙasa, shi ke riƙe ƙwayoyin da ke narkar da sabon.

Sai dai galibin kiran da ake musu a sababbin unguwanni, ba mota ce maganinsa ba. Ɗauki filotin da aka yi wa rami mai cin lita 3,000 don iyali mutum 10. Daga baya mai gida ya mayar da shi ciki da falo na haya, mutum 40, ga bohol, ga masai na zamani mai zubar da lita 6 zuwa 9 kowane ja. Ko da lita 50 kowa ke kashewa a wuni, lita 2,000 ke nan kullum. Ruwa ba ya samun kwanciya balle datti ya zauna, sai ya wuce da shi daga ramin najasa zuwa sokawe, wato ramin da ruwan ke tsiyayewa cikin ƙasa, ya liƙe ramukan ƙasa. Dagwalo kuwa, a ƙiyasin lita 40 ga mutum a shekara, ya tashi daga lita 400 zuwa 1,600. A ƙara da cewa wurare da yawa a Gusau dutse na kusa, ƙasa ba ta shan ruwa sosai, a watan Agusta kuma ta riga ta ƙoshi. Irin wannan gida ko kowane wata aka zuƙe, zai cika.

Gyaransa na magini ne da mai aikin famfo: rami ɗaki biyu, na farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku, bututu mai inci 4 da gwiwa mai siffar T a mashiga da mafita, ruwan wanka da wanki a ware masa nasa sokawe. Ruwan indararo kada ya shiga ko kaɗan. Tsakanin sokawe da rijiya, har ta maƙwabci, a nemi mita 30, abin da ƙananan filotai ba sa bayarwa, nan ne kwalara da taifot ke samun ƙofa. Murfin ramin kuma a sa shi kusa da ƙofar gida, don inda aka cinye lungu da shaguna mota ba ta shiga, tiyo in ya yi tsawo ƙarfin ja yana raguwa.

Abu na ƙarshe da za a tambayi direba shi ne inda zai juye. Wasu manoma na karɓa a matsayin taki, amma ɗanye bai dace da gonar kayan lambu ba. Wanda ya yi ta kame-kame, mai yiwuwa kwazazzabo zai nufa, ruwan farko kuma ya kwashe shi zuwa Gulbin Sakkwato. Irin wannan a sallame shi a kira wani, ko da ya fi araha.