Sabon kifi: a zuba shi babban tanki kai tsaye, ko a killace shi tukuna?

Ɗan'uwa, ka ce tankinka na ruwan gishiri ya shekara, murjani, halittar tekun nan mai rassa kamar dutse, ya kama, kifayen clown ɗinka biyu lafiya lau, yanzu ka sayo wani kifin teku da ake kira tang, da jatan lande ɗaya. Tambayarka ita ce ka zuba su ciki yau, ko ka sha wahalar tankin killacewa. Na bi hanyoyin biyu, kuma ba su zo mini daidai ba.

Zubawa kai tsaye tana da daɗinta. Kifi zai tarar da ruwan da ya zauna, duwatsu cike da bakteriya masu cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, da gansakukar da tang zai riƙa tsinka. Ka bar ledar da kifin ya zo a ciki a saman ruwa minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita, ka auna gishirin ciki, don masu sayarwa da yawa suna riƙe kifi a ruwan da awon gishirinsa bai kai 1.025 ko 1.026 da ake ajiye tankin murjani a kai ba. Kafin dare an gama.

Matsalar tana wurin da ido ba ya kaiwa. Ƙwayar cutar farin ɗigo, Cryptocaryon irritans, takan maƙale a matsefin numfashin kifi alhali fatarsa tas, kuma tang na cikin masu saurin kamuwa. Sai ta yi 'yan kwanaki tana ci a jikinsa, ta faɗo kan yashi ko dutse, ta lulluɓe kanta, daga baya ta fashe da ɗaruruwan 'ya'ya. Shi ya sa ɗigon ke ɓacewa ka ce an warke, ashe tana can ƙasa tana haihuwa. Maganinta na tagulla ne, tagulla kuwa guba ce ga murjani da jatan lande da katantanwa, duwatsu ma suna shanye ta. Idan ta shiga babban tanki, sai dai a kwashe kifi duka a yi musu magani a waje, a bar tankin ba kifi ko ɗaya. Masu tsantseni kan kai kwana 76. Ni da ta same ni, sai da na ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya, raga a kowane hannu, ina bin ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Garin haka na karya reshen murjanin da na daɗe ina lallaɓawa.

Tankin killacewa ba shi da kyan gani: gilashi zalla ba yashi, hita, murfi, matatar soso, da guntayen bututun PVC na ɓuya. Mako huɗu zuwa shida kana kallon numfashinsa da cin abincinsa, ba clown da zai kore shi daga kusurwa. Rauninsa ɗaya ne, amma babba: amoniya. Sabon tanki ba shi da bakteriya, don haka sai ka jiƙa sosan a babban tanki makonni kafin kifin ya iso. In ba ka yi ba, awo kullum da canjin ruwa akai-akai sun zama dole. Kada kuma ka matse tang a ɗan akwati, mai son iyo ne. Lita 75 ko sama in ƙarami ne.

Jatan landen nasa daban. Ba ya haɗa ruwa da tagulla, kuma canjin gishiri farat ɗaya na iya kashe shi. Ka ɗiga masa ruwan tankinka da siririn tiyo, ɗigo-ɗigo, kamar awa ɗaya, sannan ka ɗauke shi shi kaɗai, ruwan ledar ka zubar.

Da ni ne, tang ɗin nan ba zai ga babban tanki ba sai ya cika makonninsa. Ka ware masa raga da tiyo nasa, kada su taɓa ruwan murjanin.